Daga Teburin POS Zuwa Kware: Yadda Na Yi Jinyar Waswasi

Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ne ya mayar da ni ɗan POS. An rufe azuzuwa ranar 14 ga Fabrairu, ba a buɗe ba sai tsakiyar Oktoba, kuma saurayi ba zai kwashe wata takwas yana zaman jiran tuwon Inna ba. A lokacin ina aji biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Wani abokin Kawu mai tebura a wurare daban-daban cikin gari ya ba ni ɗaya kusa da Tsohuwar Kasuwa: laima, benci, na'ura, littafin lissafi, da 'yar jakar da ake ɗaurawa a ƙugu. Dokar aikin guda ce. In an tashi da yamma, kuɗin jaka da na asusu su yi daidai da abin da ke littafi. In an samu giɓi, daga albashinka za a cike.

Na iya aikin da wuri, har maigida yana buga misali da ni a gaban sauran yaransa, wai ni ba na miƙa kuɗi sai na ƙirga na sake ƙirgawa. Yabon ya yi mini daɗi. Da aka koma karatu ma ban saki teburin ba, nakan zauna da yamma da ranakun da babu lacca.

Sai canjin kuɗi ya zo. An fito da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Duk wanda ke Sakkwato a makonnin nan ya san abin da aka gani. Cajin da aka saba, naira 100 a kan 5,000, ya ninka ya sake ninkawa, domin mu ma sayen tsabar kuɗin muke yi a hannun 'yan kasuwa da gidajen mai. Mutum zai tsaya a gabanka da ɗan asibiti a gida, kuɗinsa na cikin waya, yana kallonka kamar kai ka ɓoye su. Malamai suka yi ta magana a kan wannan caji, wasu na ganin ladar aiki ce, wasu na ganin sayar da kuɗi da kuɗi ne da ƙari. Ni kuwa ina tsakiya da jaka a ƙugu, kowace naira da ta shigo sai na tambayi kaina ko wuta nake tara wa cikina.

A nan ƙirgar ta sauya kama. Da ina ƙirgawa ne don in tabbata, yanzu kuwa ina gamawa tabbacin ke gudu. In miƙa wa mutum kuɗinsa, ya juya zai tafi, in kira shi in ce ya kawo in ƙara dubawa. Wani ya yi dariya, wani ya yi tsaki, wata dattijuwa ta ce in ban yarda da ita ba in faɗa mata kawai. Da dare in tashi in kunna fitilar waya in bi risit ɗaya bayan ɗaya. Lissafi ya fita daidai, in kwanta, zuciya ta ce ai wajen tarawa ka tsallake layi.

Daga kuɗi abin ya tsallaka zuwa buta. In wanke hannu, in zo fuska, sai in rasa ko na yi niyya. In koma farko. In kai ƙafa, sai in ji kamar wani abu ya fita. In koma farko. Liman ya tayar da salla ina gindin famfo, ya yi sallama ina gindin famfo. Na daina samun jam'i, ni da na tashi a sahun gaba kusa da Baba. In na kabbarta ni kaɗai kuma, kabbarar harama kanta sai na yi ta maimaitawa, wai harafi bai fita daidai ba.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ban iya gaya wa kowa ba. Ina cikin sujada sai wata mummunar magana game da Ubangiji ta faɗo mini a rai, maganar da ko da wuƙa a wuya ba zan furta ba. In yi ta'awwuzi, ta dawo. In sake kalmar shahada a ɓoye, in shiga wanka wai na sake shiga Musulunci. Azumin shekarar ya kama ranar 23 ga Maris, cikin zafin da duk wanda ya san Sakkwato ya san shi, ni kuwa ina tofar da yawu har maƙogwaro ya bushe don tsoron kada in haɗiye abin da zai karya azumi. A raina na riga na yanke wa kaina hukunci: munafuki ne ni, ana ganina a masallaci, ciki kuwa babu komai.

Inna ce ta fara ganewa, kuma ta hanyar 'yan ga-ruwa ta gane.

"Kai wai mi kaka yi da ruwa haka? Jarka ta ƙare tun ba a yi azahar ba, hannunka duk ya yi fari ya tsattsage."

Na ce zafi ne. Ba ta ce komai ba, amma da dare na ji tana magana da Baba ƙasa-ƙasa.

Matakin farko da aka ɗauka shi ne wanda kusan kowane gida zai ɗauka: ruƙiyya. Aka kai ni wurin wani mai yi, ya karanta mini ayoyi a kunne, ya ce akwai shafar aljani, ya haɗa mu da man zaitun da habbatus sauda da garin magarya na wanka. Ba na raina ruƙiyya, Alƙur'ani waraka ne, kuma ranar da aka yi mini na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Sai dai ga wanda ciwonsa wanka ne, ba shi maganin da za a yi wanka da shi ƙarin aiki ne. Na koma ina shakkar ko ruwan magaryar ya game jiki. Abin da ban yafe wa irin waɗannan wurare ba shi ne kashedin da suka yi wa Baba, wai kada a kuskura a kai ni asibiti, allura na haukatar da mai iska. Kwalaben da suke sayarwa kuma ba su da arha.

Wanda ya juya al'amarin malaminmu ne na zaure, wanda na yi Ahalari da Ishmawi a gabansa tun ina firamare. Na dame shi da tambaya. Yau in tambaye shi hukuncin ɗigon da ban tabbata ya fita ba, gobe in dawo da tambayar a wata riga. Ban tsaya a kansa ba, ina tura wa malamai saƙo a WhatsApp, ina bin wa'azozi a waya ina neman wanda zai faɗi daidai irin tawa. Kowace amsa takan kwantar mini da hankali zuwa la'asar. Wata rana bayan an tashi karatu ya ce in tsaya.

"Ɗauko Ahalarinka. Buɗe wajen abubuwan da ke warware alwala. Karanta."

Na karanta: wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye, wajibi ne ya sake, sai fa in mai waswasi ne, to babu komai a kansa. Ya sa na buɗe babin rafkanuwa: mai waswasi ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, ya dai yi sujada bayan sallama. Na haddace waɗannan layuka tun ban san ma'anarsu ba. Wani malami a Aljeriya ya rubuta su tun ƙarni na 16, yara na rera su a kowane zaure a garin nan, ni kuma ban taɓa kawo wa raina cewa da ni ake ba.

Ganin ya buɗe ƙofa, sai na faɗa masa ɗaya matsalar, kaina a ƙasa, ina jiran ya ce in tashi daga tabarmarsa. Sai ya kawo hadisin da ke cikin Muslim, na sahabban da suka zo wa Annabi (SAW) suka ce suna jin abu a zukatansu wanda suke ganin girman furta shi, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Malam ya ce ba tunanin ne imanin ba, ƙyamar da kake yi masa ita ce shaidar. Wanda babu komai a zuciyarsa ba ya kuka don an zagi abin da bai damu da shi ba.

Na yi kuka a wurin, na kuma ɗauka an gama. Ba a gama ba. Kwana kaɗan na koma gindin famfo, da hukuncin a kaina da hadisin a bakina, hannu kuma na ta zuba ruwa. Da na koma masa, sai ya ce:

"Ɗana, wanga abu ya wuce fatawa. Ilimin ka san shi, aiki da shi ne ya gagare ka, kuma ba don taurin kai ba. A je a ga likita."

"Allah gafarta Malam, likitan mi?"

"Na Kware."

A Sakkwato in an ce za a kai ka Kware, kowa ya san abin da ake nufi, yadda Kanawa ke cewa Dawanau. Baba ya ce sam. "Ɗana ba shi zuwa Kware. Tsirara ya yi ko jifa ya yi? Gobe wa zai ba shi ɗiya?" Malam da kansa ya tako har gida bayan isha'i. Ban ji duk abin da suka tattauna ba, amma na ji ya ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cewa duk da nauyin mulki da jihadi ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basir da na ciwon ido, don haka neman magani ba baƙon abu ba ne a gidan Shehu. Baba bai ce ya yarda ba. Ya dai ce Kawu ya raka ni, kuma kada maganar ta fita.

Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya ne, a garin Kware, kan hanyar Illela. Mun yi sammako. Abin da na zana a raina sarƙoƙi ne da ihu. Abin da na tarar mutane ne zaune a benci riƙe da kati: wani dattijo da carbi, wata mai goyo, wani da rigar aiki yana duba agogo, samari irina da suka sunkuyar da kai cikin waya kada a haɗa ido. Aka buɗe mini fayil, ma'aikaciyar jinya ta auna jini da nauyi, muka jira layi.

Likitan ya daɗe da ni fiye da duk wani likita da na taɓa gani. Ya tambayi barcina, cin abincina, ko ina shan wani abu, ko Tramadol ko maganin tari, ko na taɓa buguwa a kai, ko akwai mai irin wannan a dangi. Ya tambaya ko ina jin murya daga waje ne ko kuwa tunanin daga cikina yake tasowa, kuma ko na san ba daidai ba ne. Ya tambaya kai tsaye ko na taɓa tunanin kashe kaina. Kafin mu zo wajen maganar sujada sai ya roƙi Kawu ya ɗan jira a waje, ya ce sirrin marar lafiya haƙƙinsa ne. Ashe a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon irinmu a matsayin waɗanda za a tsare kawai.

Da na gama, bai nuna mamaki ko kaɗan ba, kuma wannan rashin mamakin ya fi mini kowane lallashi. Ya ce ciwo ne sananne, likitoci na taƙaita sunansa da OCD, yana kama kusan mutum biyu cikin ɗari, kuma ya fi farawa a shekarun samartaka. Ƙafa biyu gare shi: tunanin da ke kutsowa ba da sonka ba, da aikin da kake maimaitawa don ka samu sauƙin tsoron. Ya ce ciwon kan kama mutum ne ta wajen abin da ya fi daraja a wurinsa. Mai tsoron ƙazanta ya yi ta wankin hannu, uwa ta yi ta tsoron za ta cutar da jaririnta, mai addini kuma ta alwala da salla. A ƙasashen da ba Musulmi ba ma akwai shi, da irin ibadarsu.

Ya rubuta mini ƙwaya ɗaya da safe. Ba zan faɗi sunanta ba, don na san halinmu, wani zai wuce kemis ya saya. Tana cikin magungunan da ke aiki a kan sinadarin sirotonin na ƙwaƙwalwa. Ya gargaɗe ni cewa a wannan ciwo takan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninta, farkonta kuma da tashin zuciya da ciwon kai, kuma ba a yanke ta rana ɗaya ba tare da likita ba. Duk abin da ya faɗa ya faru. Makonnin farko har na fi jin jiki, Baba na kallona yana cewa ga irinta nan. Inna ce ta riƙe kwalin a ɗakinta, kullum da safe ta miƙo mini da kunu.

Aikin gaske yana wurin masaniyar halayyar ɗan Adam da aka tura ni gare ta. Ta sa na rubuta duk abin da nake maimaitawa, daga mai sauƙi zuwa wanda ya fi ba ni tsoro. Sannan ta yi mini bayanin da har yau nake amfani da shi. Ta ce maimaitawar sosa ƙaiƙayi ce: da daɗi a lokacin, amma ita ke faɗaɗa gyambon. Duk sanda ka sake alwala don tsoro ya kwanta, ka koya wa ƙwaƙwalwarka cewa tsoron gaskiya ne. Maganin shi ne ka shiga abin da ke tayar da shakkar da gangan, ka ƙi yin abin da take umartarka, ka zauna da tsoron har ya sauka da kansa. Yana sauka, ta ce, ko ba ka yi komai ba.

Na ce mata ai wannan shi ne abin da ke cikin Ahalari. Ta yi murmushi ta ce to sai mu yi aiki da shi. Bambancin da na gani shi ne, littafi ya ce ka bar waswasi, ita kuma ta nuna mini ta inda ake fara barinsa, da wane za a fara, da abin da zan yi da ƙirjina in ya ɗauki bugu.

Da kuɗi muka fara. Ƙirga ɗaya a gaban mai kuɗi, a miƙa, ba kira. Risit sau ɗaya da yamma, a rufe littafi, a bar shi a shagon maƙwabci kada ya kwana kusa da ni. Ranar farko gumi ya jiƙa mini riga, ina kallon bayan wani mai kabu-kabu da na ba kuɗi har ya sha kwana, ƙafata na rawa don son in bi shi. Ban bi ba. Aka samu giɓi wata rana kuwa, na naira ɗari biyar, aka cire a albashina, duniya ba ta tashi ba. Wannan ɗari biyar ta yi mini aikin da nasiha ba ta yi ba.

Daga nan sai alwala. A nan na haɗa Malam da masaniyar ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Malam ya ce Annabi (SAW) da mudu guda yake alwala, mudun nan da ake auna zakkar fid da kai, ruwan da bai cika lita ba. Ita kuma ta ce in sa wa buta alama, in ruwan ya ƙare alwala ta ƙare, ko zuciya ta yarda ko ba ta yarda ba. In yi salla da wannan alwalar, in ƙi ramawa. Ta'awwuzi sau ɗaya, domin a wurina shi ma ya riga ya zama abin maimaitawa. Tunanin sujada kuma kada in yi kokawa da shi, kada in sake shahada, in bar shi ya wuce in ci gaba da tasbihi. Wannan ya fi komai wuya, domin ji nake kamar na amince da shi. Watanni na yi kafin in gane cewa rashin tanka masa ba yarda ba ce.

Aka kuma hana ni neman tabbaci. Na gaya wa Malam, ya ce dama ya gaji. Muka yi yarjejeniya: kowace mas'ala sau ɗaya zai amsa. In na dawo da ita a sabuwar riga, sai ya ce "An amsa," ya juya ga ɗalibi na gaba. Maganar caji ma haka muka yi da ita. Ya faɗa mini abin da ya fahimta, ya ce in tsaya a kan ladar aiki da aka saba in guji cin gajiyar matsin mutane, in kuma daina bin ra'ayi goma a waya.

Akwai abin da na lura da shi game da mu matasa masu son addini, kuma ina faɗinsa ne a matsayin wanda ya ɗanɗana. Muna ɗaukar tsanani a matsayin alamar taƙawa. Wanda ya fi daɗewa a gindin famfo, wanda ya fi yawan tambayar ko kaza haramun ne, shi ake gani mai tsantseni. A wurin aiki ma haka, yabon da maigida ya yi mini a kan ƙirga yana cikin abin da ya ciyar da ciwon, ko da yake shi da alheri ya yi. Tsantseni na gaskiya yakan kai mutum ga aiki: ya yi sallarsa a kan lokaci, ya sallami mai kuɗi ya tafi harkarsa. Nawa kuwa ya hana ni jam'i, ya tara mini layi a rana, ya sa na kusa faɗuwa jarrabawa. Da wannan nake auna kowace shakka yanzu, in duba inda za ta kai ni in na bi ta.

Ban warke sarai ba, kuma an faɗa mini tun farko cewa ciwon na iya leƙowa. Lokacin jarrabawa da lokacin da barci ya yi ƙaranci yakan motsa, wani sa'in ta sabuwar hanya, kamar duba ko na kulle shago. Na dai san shi yanzu, na san abin yi. Zuwa asibiti ya ragu daga kusa-kusa zuwa jefi-jefi, kuma likita ya ce za a duba rage maganin a hankali idan abubuwa suka ci gaba a haka. Wani abokin karatuna da na ga alamun a tare da shi, shi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na jami'armu ya je, don ya fi masa kusa kuma sunan bai da nauyi a kunnen iyayensa.

Abin da ya rage tsakanina da Baba shi ne maganar aure. Akwai yarinyar da ake magana a Mabera. Shi yana ganin tunda na samu sauƙi, babu dalilin tono abin da Allah Ya rufa, kuma danginta na jin sunan Kware za su janye. Ni kuma ina ganin wadda za ta zauna da ni ita za ta riƙa ganin kwalin magani kowace safiya, gara ta ji daga bakina. Malam ya goyi bayana, Kawu ya goyi bayan Baba, Inna ta ce a bari a ga bayan Salla. Ita yarinyar dai na riga na faɗa mata, Baba bai sani ba tukuna.